Muryar Baba a Cikin Na'ura

Ni na kawo shawarar, wannan ba na musu. Ofishinmu a Karaye yake, muna sayar da taki da iri da maganin dabbobi, muna kuma da reshe a Rogo. Mai wurin ya ce in gwada wayar intanet wata guda, in ta dace da mu a ɗauka, in ba ta dace ba a bari. Ni kuwa tun kafin a haɗa ta na riga na yanke hukunci, don a Kano na gan ta, kuma a lokacin duk abin da na gani a Kano daidai ne a wurina.

Gaskiyar magana, Baba nake so in huta da shi. Dattijo ne a ofishinmu, tsohon masinjan hakimi, shi ke amsa wayar ofis tun kafin in zo. Bai taɓa riƙe wayar kansa ba, duk wanda ke nemansa lambar ofis yake kira. Yana jin Fulatanci kamar Hausa. In aka kira sai ya gai da mutum, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu da ruwa da ciwon ƙafar tsohuwa, kafin a iso kan buhun taki raina ya gama ɓaci.

"Baba, layi ɗaya ne fa gare mu," na ce masa wata rana.

"Manaja," ya ce, "mutum ba ya faɗin damuwarsa a tsaye. Sai ka bari ya zauna."

Sabuwar wayar da kanta take amsawa. Ta ce danna ɗaya don taki, danna biyu don maganin dabbobi, wanda bai danna komai ba ya bar saƙo. Don kada baƙuwar murya ta kori mutane, sai na yi dabara, na sa Baba ya faɗi maganar na naɗa. Sau shida muka maimaita, don kowane karo sai ya saka "ina gajiya" a ciki, ni kuma in cire. Ranar na ji daɗin wayona ƙwarai.

Saƙonnin a kwamfutata suke taruwa, na kuma yi alkawarin zan riƙa saurara kullum. Lokacin shuka ne, kowa taki yake nema, na bar su har kwana biyar. Da na zauna saurare, sai na ji mutane suna yi wa na'ura sallama, suna gaishe ta, suna jiran ta amsa. Dariya na yi ta yi ni kaɗai, har na iso kan saƙon wani dattijo makiyayi daga wajen Beli, aminin Baba tun suna samari.

"Salamu alaikum, Malam. Ni ne. Malam, kana ji na? Ƙanena ne Allah ya yi masa rasuwa, za a kai shi da hantsi."

Sau uku ya kira a safiyar. A na ƙarshe, ina jin kukan saniya a bayansa, ya ce, "To, na ji kana ta maganar taki. Allah ya ba da kasuwa."

Baba yana waje yana alwala, taku goma tsakaninmu. Na rufe kwamfutar, na ce sai gobe. Gobe ta zo na sake cewa sai gobe. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, tsoron a ce gwajina ya jawo wannan. Sai bayan kwana biyu, ranar da rasuwar ta cika kwana bakwai, na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki hularsa.

"Manaja, kai ni."

A babur muka je. Mun tarar an yi addu'ar bakwai an watse. Makiyayin ya shimfiɗa mana tabarma, ya amsa gaisuwa a taƙaice, Baba ya yi doguwar addu'a muka shafa.

"Malam," in ji mutumin, "da kunnena na ji ka. Sau uku."

Na buɗe baki zan yi bayanin na'ura, Baba ya dafa gwiwata.

"Muryata ce," ya ce. "Ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," in ji makiyayin. Da muka tashi tafiya bai raka mu ko bakin shinge ba.

Ƙarshen wata na gaya wa mai wurin cewa wayar tana da kyau tsakaninmu da Rogo, in dai akwai sabis, amma masu kira daga waje mutum ya kamata ya amsa musu. Ya yaba mini, har ya ce na yi hangen nesa. Na goge muryar, Baba ya koma kujerarsa, ban sake ce masa ya taƙaita gaisuwa ba.

Shekara biyu Baba ya ƙara yi da mu kafin ƙafa ta zaunar da shi a gida, makiyayin bai sake kira ba ko sau ɗaya. Baba ya ɗauka ranar da na ji saƙon, a ranar na kawo masa. Da na faɗa a kan lokaci, da ya tarar da zaman makoki, ya zauna cikin mutane kusa da amininsa. Nakan je gaishe shi ranar Juma'a, ya sa mini albarka, har yau ban gaya masa kwana biyun nan ba.