Sai zaɓe ya wuce

Shekarun baya, lokacin ƴata tana ƙaramar lekwal, wato makarantar firamare, an shiga wata kakar zaɓe a Damagaram wadda har yau ba na son tuna ta. Ni malamin lekwal ne, haifaffen garin nan, daga gidan Kirista. Matata ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin unguwa. Ita ma a nan aka haife ta, amma iyayenta daga Togo suka zo tun tana ciki, mahaifinta ya zo koyarwa bai koma ba. Hausarta ta fi tawa daɗi, har tsokanata take yi wai faransanci ya lalata min harshe.

A ɗakin malamai na fara jin abin. Wani abokin aikina ya kunna saƙon murya a salularsa, ana ta dariya, da na shigo sai dariyar ta ɗauke. Na ce ya sake kunnawa. Muryar wani mutum ce da kowa ya sani a gari, irin masu riƙe lasifika a taron jam'iyya. Yana cewa mutanen bakin teku sun cika asibitoci da makarantu, sun ƙwace aikin ƴan ƙasa, masu cin kare ne, kuma lokaci ya yi da kowace unguwa za ta san gidajensu. Bai kira sunan kowa ba, amma ya ambaci wata ungozoma da ke kusa da famfon unguwarmu. Ungozoma ɗaya ce a wurin.

Na dawo gida da niyyar ɓoye wa matata, ina ta hira marar kai kamar wanda ya ci tuwon wani. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ta riga ni ji. A safiyar ranar an kawo wata yarinya tana naƙuda, uwar mijin ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a nemo musu ƴar ƙasa ta karɓi haihuwar. Babu kowa sai matata, don haka ita ta karɓa, namiji ne, lafiya lau. Tana ba ni labari tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Da a kanmu kaɗai abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma ba a jima ba ƴata ta fara cewa cikinta na ciwo duk safiya. Sai da na matsa mata ta faɗa min cewa wasu yara suna bin ta a hanyar lekwal suna haushi irin na kare, wani ma ya jefe ta da ɓawon mangwaro ya ce ta koma garinsu. Ta dube ni ta ce, “Baba, ina ne garinmu?”

Na ce mata nan ne, kakana ma a nan aka binne shi. Ta ce to Mama fa? Na ce ita ma nan ne. Ta yi min kallo irin na yaron da ya gane babba yana lallashinsa.

Mu da muka taɓa ganin hayaƙi ya tashi a garin nan mun san ba da ashana ake farawa ba, da magana ake farawa. Na fara kai yarinyar lekwal da kaina a kan moto, in koma in ɗauko ta. Ina cikin aji ina rubutu a allo, kunnena yana waje. Ko tayar mota ce ta fashe sai allin ya faɗi daga hannuna.

Na je wurin mai unguwa, ya ce in yi haƙuri, zafin siyasa ne. Na je komisariya wurin ƴan sanda, wani jami'i ya saurari saƙon har ƙarshe, ya tambaye ni ko an kira sunana. Na ce a'a. Ya miƙo min salulata.

Sai na tuna ina da babban mutum. Ɗan takarar konseye, wato kansila, na jam'iyyar da mai lasifikar yake yi wa aiki abokina ne na ƙuruciya, benci ɗaya muka zauna a lekwal, a gidansu nake cin naman Sallah, shi kuma a gidanmu yake cin shinkafar Nowel, wato Kirsimeti. Matata ce ta karɓi haihuwar ɗansa na fari. Na sa babbar rigata ta zuwa biki, na hau moto, ina tafe ina tsara jawabi a kaina da faransanci mai nauyi, har da ɗaga yatsa. Na tabbata waɗanda suka gan ni a hanya sun ɗauka na taɓu.

Ya karɓe ni hannu biyu-biyu, ya fitar da mutane daga falo, ya sa aka kawo min lemo mai sanyi. Ya rantse cewa saƙon ya ɓata masa rai, matarsa ma ta yi kuka da ta ji. Jawabina duk ya bi iska. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, ranar Asabar suna da taro a filin unguwarmu, ina roƙonsa ya faɗi magana ɗaya a lasifika: matar nan tamu ce, a bar ƴaƴan mutane su je lekwal lafiya.

Ya daɗe yana juya salula a hannunsa. Sannan ya kira ni yadda ake kiran malaman lekwal, ya ce, “Mushe, ka san matsayinka a wurina. Amma mutumin nan shi ke riƙe da matasan fada-fada, masu zaman shayi a unguwanni. In na taɓa shi yanzu, gobe yana wajen abokan hamayya da su duka. Ka bari zaɓe ya wuce, ni da kaina zan ja masa kunne.”

Na ce, “In kafin nan wani abu ya sami ƴata fa?”

Ya ce, “Haba, ba abin da zai faru. Mutanenmu baki ne kawai.”

Na shanye lemon, na yi masa godiya. Har fatan nasara na yi masa a bakin ƙofa.

Ranar Asabar na tsaya daga nesa, a gindin wata bishiyar bedi. Abokina ya yi magana a kan ƙarancin ruwa, ya yi a kan kwata da hanya, ya yi a kan aikin matasa. Mai lasifikar yana tsaye a damansa, shi ke ba da taken da ake amsawa. Da aka zo kan aikin matasa, wani daga cikin taron ya yi haushin kare, aka fashe da dariya. Abokina ya dakata har dariyar ta lafa, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Washegari bayan mun taso daga majami'a na sa matata da ƴata a motar Mirriya, suka je suka zauna wurin yayata har aka gama ƙidayar ƙuri'u. Ni na tsaya gadin gida. Ba wanda ya zo. Ba a ƙona komai ba, ba a taɓa kowa ba. Abokina ya ci zaɓe, mai lasifikar kuma aka ba shi tebur a meri, ofishin magajin gari. Jan kunnen da aka yi min alkawari, ban ji labarinsa ba. Maƙwabta suka yi ta ce min ai ga shi nan, tsorona ne ya yi yawa.

Abin da ba su gani ba a cikin gidana yake. Da suka dawo, ƴata ta roƙi uwarta kada ta ƙara zuwa lekwal ɗaukarta, kuma kada ta yi mata Mina, yarensu na Togo, a waje. Da yaren suke hira tun tana goye, da shi kakarta take yi mata waƙa. Uwar ta yarda, tana ganin na ɗan lokaci ne. Daga waje abin ya shigo tsakar gida. A yi mata magana da Mina, ta amsa da Hausa. A hankali aka daina yi mata.

Surukata ta tsufa a hannunmu. A ciwonta na ƙarshe Hausa ta gudu daga bakinta, faransanci ma ya gudu, sai yaren da aka haife ta da shi. Ƴata, lokacin ta zama budurwa tana shirin jarrabawar bak ta gama sakandare, ta zauna a bakin gadon. Tsohuwar ta riƙe hannunta ta yi mata doguwar magana tana murmushi. Yarinyar ta juyo wurin uwarta, idonta cike da hawaye, ta ce, “Mama, me ta ce?”

Mai lasifikar ban riƙe shi a zuciya sosai ba. Bai san mu ba, abincinsa yake nema da bakinsa, gobe in an ba shi wasu mutanen ya zaga zai zaga. Wanda na kasa yafe wa shi ne wanda ya san mu, ya ci a kwanonmu, ya yarda a cikin falonsa cewa abin ba daidai ba ne, ya auna mu da ƙuri'u ya ga ba mu kai ba. Fasto ya sha yi min wa'azin gafara, ina kuma ƙoƙari, amma ba zan yi muku ƙarya in ce na kai ba.

Abokin nawa ya zo gaisuwar rasuwar surukata da motoci biyu. Ya zauna a tabarma kusa da ni, ya yabi tsohuwar, ya ce uwa ce ga unguwa duka. Da zai tashi ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka tuna shekarar nan da ka zo min hankali a tashe? Ban ce maka ba abin da zai faru ba?”

Ƴata tana bayan labule tana jin mu. Na ce masa haka ne, ba abin da ya faru. Na raka shi har bakin mota.