Ranar da Aka Rufe Kemis Muna Ciki

Da na gama sakandare na kama aiki a wani kemis a hanyar Rijau. Nawa miƙa magani ne da shara. Allura da ƙarin ruwa na Oga ne, a ɗakin baya, inda babu taga.

Tun kafin azumi ma'aikatan jiha suka kawo masa takarda daga Minna, wai ya daina allura da ƙarin ruwa, lasisinsa na sayar da magani ne kawai. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ninke ta ya tokare ƙafar fanka da ita.

Ranar da suka dawo, wata dattijuwa daga Bobi tana kwance a baya, ruwa na shiga hannunta. Oga ya hango farar motarsu, ya tura ni wurin dattijuwar.

"Ko tari kada ki yi," ya ce.

Ban yi ba. Ina ji wani yana ce masa tunda an ce ya daina bai daina ba, yau za a daina masa. Aka ja ƙofar ƙarfe, aka datse kwaɗo. Motar ta tashi, muryar Oga na ciki tana rantsuwa.

Can ruwan ya ƙare. Jini ya fara hawowa ta siririyar robar.

"'Yata, haka yake yi?"

"Haka yake yi, Inna," na ce. Ban taɓa gani ba.

"To cire mini, azahar ta yi."

Na kai hannu, na janye, ban san yadda ake cire allurar ba. Jinin kuwa bai fasa tafiyarsa ba. Na fita gaba na ɗauki kujera na dinga dukan ƙofa, ina kiran mai masar da ke gefenmu.

Ashe wata daga cikin ma'aikatan ba ta bi motar ba, ta tsaya cin masa, makullin yana jakarta. Ta buɗe, ta wuce ni, ta zare allurar, ta danne wurin da auduga.

"Ke ce likitar?"

"A'a, Anti. Shara nake yi."

Ta tsayar da keke napep ta sa Inna a ciki, ta ce asibiti. Inna ta ce sai ta yi salla. Aka jira ta.

"Saura wa a ciki?" in ji Anti.

"Babu."

Duk da haka ta shiga da kanta, har firji ta buɗe, sannan ta mai da kwaɗon. Takalmina ɗaya yana can har yanzu. Ba na bin hanyar.