Baba ya hana a raba dabino

Ina tsaye bakin rumfar albasa na miƙa wa Baba wayata cike da murna. Jami'a ta buɗe sabon kwas na nazarin laifuka da masu aikata su, kuma sunana ya fito cikin 'yan farko.

A garinmu, can gefen Goronyo, duk wanda ɗansa ya samu jami'a dabino yake saye a raba bayan La'asar. Liman ya faɗi sunan ɗalibin da abin da zai karanta, a yi mai addu'a. Haka anka yi wa yayana.

Baba ya daɗe yana kallon wayar, ko da yake bai iya karatun boko ba.

Ya ce, "Mi aka koyo cikinai?"

Na ce, "Yadda ake gano masu laifi, Baba, da abin da ke sa su aikatawa."

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"To ba dabino, ba sanarwa. Cikin sahun masallacin nan akwai masu kai wa mutanen daji labari. In sunka ji, cewa za su yi ɗan sanda nika reno cikin gida. Kowa yat tambaye ka, ce mai noma za ka karanta."

Tun ranar, ko sallama aka yi ƙofar gida sai in leƙa in ga ko wane ne kafin in fita. Jiya maƙwabcinmu ya tambaye ni, na ce noma. Ya yi murmushi, har yanzu ban san ko ya yarda ba.

Don garinmu na zaɓi karatun nan, ga shi garinmu nake ɓoye wa. Ko a rubutun nan ma ban sa sunana ba. In ku ne, za ku tafi ko za ku canza kwas?