Ƙafar da Na Sa wa Fayif ɗin Kawu

Shekara huɗu na yi ina koyon zanen fayif na masana'antu, sannan na yi bakwai a Lafiya ina sayar da kan famfo a shago. Aiki ɗaya tak aka taɓa ba ni mai kama da abin da na karanta, shi ma don mai wurin kawuna ne.

Yana da injin shinkafa a hanyar Doma. Fayif ɗin da ke kai tururi daga tukunya zuwa durom ɗin turara shinkafa ya fara lotsawa a gwiwa, inda ya karya ya yi sama. Na sa aka walda guntun fayif a ƙarƙashin gwiwar ya zama ƙafa, na zaunar da ita kan farantin ƙarfe ba tare da an liƙe ba. Ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake yi, dole ƙafar ta samu damar jan jiki kaɗan. Sau uku na yi wa Kawu bayani, yana gyaɗa kai yana duban agogo.

Na so ƙafar nan fiye da kima. Nakan je musamman in duba 'yar kartar da take yi a kan farantin, ina rayawa a raina cewa masu injin garin nan duk sai sun neme ni.

Na je Arikya ta'aziyya kwana biyu. Ina dawowa na tarar an walde ƙafar da farantin, gam.

"Injiniya, ka manta ba ka gama aiki ba," in ji Kawu. "Abin yana ta motsi gaban mutane. Na rufa maka asiri."

Na roƙe shi a yanke waldar. Ya ce sai an gama aikin kaka.

Bayan sati uku gwiwar ta tsage. Tururi ya saluɓe hannun wata mata Batibiya mai kwashe shinkafa, har yau yatsunta ba sa miƙewa. In mun haɗu a kasuwa ita take fara gaishe ni, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Gari ya ɗauka ƙafar Injiniya ce ta jawo. Na yi musu har na gaji, ba wanda ya yarda ƙarfe yana tafiya.

Su Kawu suka canja gwiwar, suka tokare ta da gwafar itace irin ta rumfa. Fayif yana zamewa a bakinta yadda ya ga dama, daidai abin da na zana. Bai sake tsagewa ba. Duk wanda zai kafa sabon inji, Kawu kan kai shi ya nuna masa gwafar, ya ja masa kunne kada ya kira ɗan boko.