Masallacin da Mitwalli Ya Zana wa Jirgi

Shekara talatin da ɗaya Mitwalli ya yi a Iskandariyya yana zana ɗakunan ma'aikatan jiragen ruwa na dakon kaya: inda za su kwana, inda za su ci abinci, har inda za su rataye jiƙaƙƙiyar riga. Shi kansa kuwa, ko kwalekwale ya hau sai ya yi amai.

Tun yana saurayi ya baro zanen gidaje ya zo wani kamfanin ƙera jiragen ruwa, aka ɗauke shi gwaji na wata uku. Mahaifin Shahira, yarinyar da yake nema, ya riga ya yanke magana: ba tabbataccen aiki, ba aure. A kamfanin kuma ba a karɓar zane sai Baba Ragab, tsohon kukun da ya tsufa a teku, ya duba.

Mitwalli ya shimfiɗa takardarsa yana ji da kansa, don har masallaci ya sa, da gurbin liman a bango da darduma mai layin sahu. Baba Ragab ya duba, ya yi ta dariya har shayinsa ya zube.

"Ɗana, jirgin naka dasa shi za a yi?" in ji shi. "Da safe Makka tana damanmu, in mun juya da la'asar tana bayan kicin ɗina. Liman ya bi bango ko ya bi alƙibla?"

Wallahi Mitwalli ya ji kunya kamar ya nutse, ga shi saura kwana huɗu gwajin ya ƙare. Washegari ya sayi wake da gurasa ya tafi gidan tsohon, ya wuni yana tambaya. Ya goge gurbin liman, ya sa darduma marar layi, a rufin ɗakin kuma ya zana faifai mai kibiya, wanda za a riƙa juyawa da hannu ya nuna alƙibla.

"To, yanzu ka fara hankali," in ji Baba Ragab. Aka tabbatar masa da aiki, aka sha biki.

Ranar da ya yi ritaya, ma'aikatan jirgin suka kawo masa faifan nan na farko, wanda aka ƙera daga zanensa. Fentin kibiyar duk ya goge saboda yawan hannuwan da suka juya ta. Mitwalli ya shafa wurin, hawaye suka zubo masa don daɗi.

Ya kafa shi a rufin falon gidansa. Shahira ta ɗaga kai ta duba.

"Alhaji, gidan nan dai ba ya juyawa," in ji ta. "Amma bar shi, ai shi ya aurar da ni."