Takalman Katakon da Suka Shiga Ruwa Su Kaɗai

Jama'a, abin nan da zan gaya muku a kan idona ya faru, da rana ƙiri-ƙiri, kuma wanda ya ga dama ya ce ƙarya nake, na riga na saba. Shekarun baya ne, lokacin ina zaune wajen Makera ina sana'ar sassaƙa, turmi da ƙota da kujerar mata, ko da yake ni asalina mutumin Kurfi ne. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni mutum ne mai saurin fushi da kaifin baki, Allah Ya yafe mini.

In an gama kaka sanyi ya shigo, ruwan dam ɗin Dutsin-Ma yakan ja baya ya bar taɓo shimfiɗe, da 'yan kududdufai cike da tarwaɗa da suka maƙale. Kifi ga shi kana gani, amma in ka taka sai taɓon ya haɗiye ka har cinya. Shi ne na zauna na yi tunani, na sassaƙa wa kaina takalman katako masu faɗi kamar faifai, na ɗan tanƙwara gabansu sama don kada su caki laka, na huda su da ƙarfe mai zafi, na sa musu maɗauri da robar tayar babur. Aka yi ta yi mini dariya, ana ce musu dangarafan agwagwa, har ranar da aka ga na taka taɓon nan na je na dawo da buhu a kafaɗa. Daga nan masu dariya suka fara sallama a ƙofar gidana.

Cikinsu har da Isuhu, taubashina, ɗan gwaggona da ke Barkiya. Kun san ɗan mace da ɗan namiji, ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tsiya ba. Ya zo yana cewa wai ni bawansa in yi masa takalmi, na ce bawa shi ke kawo itace, ya je ya nemo mini katako marar nauyi, busasshe. Bayan kwana biyu sai ga shi da falanki biyu a bayan babur, da sauran shuɗin fenti a jikinsu. Na tambaye shi ina ya samo, ya ce ƙyauren wani tsohon shago ne. Ƙarya ya yi mini, kuma wannan ƙaryar ita ce ban yafe ba.

Yadda nake awo shi ne, mutum ya jiƙa ƙafarsa ya taka katakon, ni kuma in bi sawun da gawayi. To da na kwantar da falankin Isuhu a ƙasa, kafin ya tuɓe takalminsa ma, sai na ga sawu a kai, jiƙaƙƙe, ɗaya a wannan ɗaya a wancan. Na ɗauka shi ya taka tun a hanya don ya ja ni, na hau shi da faɗa, shi kuma yana rantsuwa yana dariya. Na sa ya ɗora ƙafarsa a kai. Sawun bai kai ƙafar tasa tsawo ba, kuma yatsun a warwatse suke irin na wanda bai taɓa sa takalmi ba.

Na sa gizago na feƙe wurin, damshin yana nan a ƙasa. Na ƙara feƙewa, yana nan. Na shanya su a rana, ko'ina ya bushe ƙarau ban da wurin. Mai ɗakina ta leƙo ta gani, ta ce Malam ka bar katakon nan, jikina bai ba ni ba. Na daka mata tsawa na ce ta koma wajen tukunyarta. Ni a lokacin abin da ke cina shi ne kada Isuhu ya je Barkiya ya ce katako ya gagare ni. Na sassaƙa su, kuma wallahi ban taɓa yin waɗanda suka yi kyansu ba.

Ranar da muka fita, da hantsi ne, rana ta ɗaga amma sanyi bai sake mu ba. A bakin taɓon Isuhu ya ɗaga takalman yana jujjuyawa, ya ce wannan maɗaurin ko kaza ba zai riƙe ba, aikin mutanen Kurfi ke nan, ido ya gani ya yaba, hannu ya taɓa ya tsinke. Raina ya ɓaci. Na durƙusa na ɗaure masa da kaina, na ja robar iya ƙarfina, na ƙulle na sake ƙullewa, na ce in ya isa ya kwance.

Muka shiga. Na nuna masa inda za mu tsaya, wurin da taɓon ke sauya launi ya yi baƙi yana sheƙi, don daga nan ba takalmin da ke ɗaukar mutum. Da farko har mamaki ya ba ni, mutumin da bai taɓa sa su ba yana tafiya kamar a kan daɓe, ni mai su ina baya ina haki. Muka iso kududdufin farko, ga tarwaɗa na motsi, na ajiye buhu. Isuhu bai tsaya ba. Na kira shi, bai tsaya ba. Na ce to wasan ya isa, ya ci gaba. Sai na buɗe baki na shiga zaginsa, zagin da ba zan maimaita a nan ba, ina tsaye ina ɓata lokaci, shi kuwa yana ƙara nisa.

Sai ya juyo. Wato daga ƙugu zuwa sama ya juyo yana dubana, ƙafafun kuwa suna gaba abinsu, taku ɗai-ɗai, gajeru, ba irin takunsa ba. Ya kira ni da sunan da tun muna yara bai kira ni da shi ba.

"Yaya, ba ni nake tafiya ba."

Ya sunkuya yana ƙoƙarin kwance maɗaurin, ƙullin da na yi ya ƙi. Na bi shi, takalmana suna nutsewa, da na ga ba za su kai ni ba na tuɓe su na faɗi rub da ciki ina jan jiki kamar ƙadangare. Na cim masa ruwa ya fara taɓa katakon. Na rungumi ƙafarsa ta dama, na zaro wuƙar gyaran kifi na yanke robar. Ta hagun ce ta ci gaba. Ina riƙe da mutum, ƙafarsa ɗaya tana tafiya ba shi, ina jin yadda ake ja, ja mai natsuwa, ba fizga, har gwiwarsa ta yi ƙara. Ya yi salati. Allah Ya ba ni sa'a na kai wuƙar na yanke ɗayan.

Ku saurara, nan ne ake ce mini maƙaryaci. Takalman nan biyu, ba kowa a kansu, suka ci gaba. Na dama ya ɗaga ya sauka, na hagu ya ɗaga ya sauka, ina jin ƙararsu a kan laka, faɗap, faɗap, suka shiga ruwa. Katako busasshe ai yawo yake a kan ruwa, kowa ya sani. Waɗannan ƙasa suka bi, muna ganin shuɗin fentin yana nisa har ya ɓace.

Wani dattijo masunci ne ya hango mu daga kwalekwalensa, ya matso ya miƙo mana gora ya jawo mu. Da muka fito tudu ya dubi Isuhu ya tambaye shi inda ya samo katakon. A nan ne Isuhu, yana kuka, ya ce jikin wani tsohon kwalekwale ya ɓamɓaro su, wanda ke kife a bakin ruwa can gefen Dabawa. Dattijon ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru jirgin nan na nan kife, mata na wucewa neman itacen girki kullum. Ka taɓa ganin wadda ta ɗauki ko tsinke a jikinsa?" Na ce Baba mi ya faru da jirgin? Ya ce in kai ɗan'uwana wajen maɗori. Na bi shi da tambaya har ya tura kwalekwalensa ya tafi. Daga baya duk wanda na tambaya a yankin sai ya ce shi ma ji ya yi ba a taɓawa. Kun ji fa, kowa ya sani, ba wanda zai faɗa, sai an bar baƙo ya je ya ɗauko wa kansa.

Isuhu ya rayu, amma gwiwar ba ta koma daidai ba, da ɗingishi yake tafiya. A majalisa in an tambaye shi, cewa yake ƙullin mutumin Kurfi ne ya karya shi, a yi dariya, ni kuma in tashi in bar wurin don kada in faɗi abin da zan yi istigfari a kansa. Rabin maganar gaskiya ce, na sani. Ɗaya rabin shi ma ya sani.

Abin da ba ya faɗa a majalisa, matarsa ce ta gaya wa mai ɗakina. In sanyi ya shigo, ko a tsakar gida yake tsaye yana magana, sai a ga ƙafar nan ta hagu ta karkata a hankali ta dubi kudu, wajen dam, shi bai ma sani ba sai an ce masa gyara tsayuwarka. Ba ya zuwa kasuwar Dutsin-Ma shi kaɗai a watannin nan.

Don haka in kun ga abu mai amfani a yashe a inda kowa ke bukatarsa, kuma ba wanda ya taɓa, ku tambaya kafin ku miƙa hannu. In kuma ɗan'uwanku ya wuce inda kuka ce za ku tsaya, ku bi shi tukuna, zagin ya jira.