Ruwan da aka ba mai awo

Shekarun nan kafin a ba mu mulkin kai, ina aure a unguwar Sabo ta Ibadan, a gidan surukina, dillalin goro. Abin alfaharinsa duk duniya rijiyar tsakar gidansa ce. In ya fara yabonta sai ka rantse daga Makka aka ɗauko ta.

Bayan katangarmu kuwa akwai masu fasa tsofaffin baturan mota suna narka dalma. In an yi ruwan sama, dagwalonsu ta gindin rijiyar yake bi. 'Yata ta fari ta shiga ciwon ciki da amai, ta daina wasa, har tafiyar da ta koya ta manta. Likita ya ce a auna ruwan da muke sha.

Sai ga wani saurayi Bayarabe daga ɗakin gwaje-gwaje, da 'yar kwalba mai murfi. Ina jin sa daga bayan zaure yana cewa na'urarsu tana gano dalma ko da kan allura ce a cikin randa. Ya nemi ya ɗebi ruwan da hannunsa. Surukina ya ce gidan nan ba a shiga, sai dai ya miƙo kwalbar.

Ni na ja guga na cika ta, ina murna yau za a san abin da ke cin yarinyata. Surukina ya ɗaga kwalbar ya ga ruwan ya ɗan yi duhu, ya ɓata fuska.

"Baƙo ya nemi ruwa, a ba shi wannan? So kike Yarabawa su ce mutanen Sabo ƙazamai ne?"

Na ce, "Baba, ai ba sha zai yi ba."

Ko kallona bai yi ba. Ya tuttular da shi, ya sa aka wanke kwalbar da sabulu, ya aika aka ciko ta a famfon unguwar Mokola ta ƙofar baya. Shi kuwa saurayin an ajiye masa goro fari yana ta godiya. Mijina na Arewa wajen shanu. Na yi maganar a gaban matan gida, suka ce surukar kirki ba ta musu da uban miji.

Bayan kwanaki saurayin ya dawo ya ce ruwan ba shi da aibu, har ya yi mamakin tsabtarsa. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, famfon Mokola lafiyarsa ƙalau. Surukina ya kai labari masallaci. Maƙwabta suka riƙa yin layi da tulu a ƙofar gidanmu, a sha ruwan da injin Turawa ya yaba.

Yarinyata ba ta ga ƙarshen damina ba. Har yau in na tuna, raina tafasa yake yi. Ranar zaman makoki ina ɗaki ina jiyo muryar surukina a zaure, yana miƙa wa masu gaisuwa kwano.

"Ku sha, ku sha. An auna shi."